Alli a Aljihun Eleuterio

A Valparaíso gidaje ba sa zama, hawa suke yi,
wani a wuyan wani, kamar awaki a kan tsauni,
ja, shuɗi, da mai rufin da gishirin teku ya cinye.
Tsakaninsu matakala ɗari da sha tara.
Ƙofata tana kan ta saba'in da huɗu,
tasa tana can ƙasa, inda warin kifi yake kwana.

Shekara talatin Eleuterio yana sauke kaya a tashar jirgin ruwa.
Wata Talata, ya sunkuya ɗaure takalmi,
rabin jikinsa ya tafi, ko sallama babu.
Likita ya ce a nemo kujera mai taya.
Fresia ta sayo, ta ɗinka mata matashi.
Kyanwa ce ta gaje ta.

Ƙarfe shida, kafin mai burodi ya ɗaga ƙyaure,
sai in ji: ƙwas, shuu. Ƙwas, shuu.
Sanda, sannan ƙafar da ake ja.
Ranar farko uku ya hau.
Ya zaro alli, ya ja layi a ta ukun,
ya sauka da baya, gumi na ɗiga daga haɓarsa.
Washegari huɗu.
Kwana tara yana kan huɗun nan.

Ni kuwa ina da littafin alkawari.
Duk daren sabuwar shekara,
in wuta ta fashe a saman teku, jirage suna busa,
sai in rubuta da babban baƙi:
bana zan bar taba,
bana zan gyara kwale-kwalen Baba da ke ruɓa a bayan gida.
Kafin Fabrairu ya raba
littafin ya koma tokare ƙafar tebur.

A Yuli ruwan sanyi ya zo da iska,
ya bi matakala ya lashe layukan kaf.
Na ce yau kam bargo zai ci shi.
Sai ga shi, leda a ka, leɓe ya yi shuɗi.
Na leƙa na ce, “Alamarka ta tafi!”
Ya ce, “Ƙafa ta haddace.”

Mura ta kwantar da shi mako guda.
Ya bar talatin da ɗaya, ya dawo ya tarar da ashirin.
Bai zagi kowa ba.
Ya ja layi a ashirin ɗin, ya juya.

Ranar da ya iso ƙofata furanni sun fito a bango.
Na miƙa masa shayi, na ce,
“Wai ina kake samo wannan zafin nama?”
Ya yi dariya da rabin bakin da ya rage masa.
“Zafin nama? Baƙo ne, sau biyu ya taɓa zuwa.
Takalmi nake ajiyewa tun dare, hancinsa na kallon waje.
Da safe ba na shawara da jiki.
Ka tambaye shi, gobe zai ce maka,
kuma yana da hujja, kullum yana da hujja.”

Ya karya allin biyu.
Bai ce komai ba, ya ajiye guntun a bakin tagata.

Kwale-kwalen bai ga ruwa ba har yanzu.
Tabar ma muna tare, ba zan yi ƙarya ba.
Amma akwai layi hamsin da shida a jikin bangon bayan gida.
Wata rana katako ɗaya,
wata rana ƙusa biyu,
jiya faɗin tafin hannu kawai na goge, na ja layina.

Yanzu ma ga shi can.
Ƙwas, shuu.
Ya wuce ni, yana kan tamanin da wani abu.
Bari in tashi. Guduma tana bakin ƙofa tun daren jiya.