Gaɓar Yatsa

Ƙarfe huɗu na asuba, zakaran Mang Doming bai ko motsa ba,
na wanke shinkafa sau biyu,
na adana ruwan wankin don miyar tsamiya.
Na tsoma yatsa a tukunya,
ruwa ya tsaya a gaɓar farko.
Haka uwata ta auna a Samar,
haka nake aunawa a Marikina,
ba ta taɓa caɓe mini ba.

Sauran al'amura ne ba su da gaɓa.

Takalmin Jomar ya wangame baki kamar kada,
a garin da ake ɗinka wa duniya takalma.
Marivic na son peso ɗari da hamsin,
wai malama ta ce a zo da kwali da fenti
za a gina dutse mai aman wuta.
Na ce, gaya mata akwai ɗaya a gidanku,
ga shi nan yana soya busasshen kifi.
Ko murmushi. Shekararta goma sha uku,
dariya ta yi mata tsada.

A tagar shagon Aling Pasing
sunana ya ci shafi biyu da rabi:
omo ƙulli ɗaya, ƙwai uku, mai na peso goma,
gwangwanin kifi, wani gwangwanin kifi.
Ba ta yi mini tuni,
sai dai ta gyara tabarau ta ce, ya labarin mai jirgi?
Na san fassarar.

Mai jirgi yana wani teku da ban iya faɗin sunansa ba.
Kuɗi sai ran sha biyar ga wata,
murya sai ran Lahadi, tana zuwa gutsure-gutsure.
Komai lafiya, Soling?
Lafiya lau, Renato.
Ina karkata wayar don kada ya hangi roba
da na tara a ƙarƙashin yoyon kwano.
Shi ma na lura kullum hannu ɗaya yake nuna mini.

Ƙwayar hawan jinin surukata saura bakwai,
kwana tara suka rage.
Jiya na ƙirga, bakwai. Yau na ƙirga, bakwai.
Lola Iska, kin sha kuwa?
Ta juya carbinta, ta ce miyar nan gishiri ya yi kaɗan.
Na tsaya a kanta da kofi har ta haɗiye.
Shida.

Da la'asar rediyo ya ambaci guguwa,
ya kira ta da sunan mace, kamar wata baƙuwa.
Na kwashe shanya da ɗanyenta.
Takardun haihuwa cikin leda, leda cikin leda,
tukunyar gas bisa tebur,
buhun shinkafa bisa kabad,
ɗan gunkin Santo Niño bisa buhun shinkafa,
ya yi haƙuri, ya tsare mana.

Akwai layi ruwan ƙasa a bangon ɗaki,
inda kogi ya tsaya waccan shekarar.
Na yi fenti sau biyu, yana sake fitowa.
Kusa da shi nake zana tsawon yara da fensir.
Sai bana Jomar ya wuce shi.

Jiniya ta yi kuka sau ɗaya.
Na zauna a matakala da tocila da silifa a hannu,
ina jiran ta biyu.
Ruwa ya lashi mataki na ɗaya, ya lashi na biyu,
ya shinshina na uku,
ya fasa.

Ban yi barci ba, amma asuba ba ta tambaya.
Na fito na tarar da Marivic a gaban tukunya,
gashi buzu-buzu, yatsa cikin ruwa.
Nanay, nan ne?
Yatsanta ya fi nawa tsawo.
Na ce rage kaɗan.
Sannan na tuna laka na jira a tsakar gida,
kuma har yanzu ban nemo kwalin ba.