Bakin Kube

A Anglo-Jos, cikin akwatin ƙarfe na kakana Sallau Kuku,
ƙarƙashin takardun fansho da tsohon bargo,
na tarar da shi kwance kamar macijin da sanyin Agusta ya kama.
Takobin Baturen kuza ne, wanda leburori ke kira Jan Gemu,
ɗan tsaunukan Sikotlan.
Ya bar shi a madadin albashin wata uku,
ya hau jirgin ƙasa a Bukur, bai waiwayo ba.

Ba irin namu ba ne.
Namu ƙotarsa tsirara, hamila ke goya shi a kafaɗa.
Wannan an saƙa wa ƙotarsa kwandon ƙarfe,
sai hannu ya yi sallama kafin ya shiga.

Akwai ɗan littafi tare da shi,
maza masu ɗaurin zane iya gwiwa suna nuna
yadda ake sara, yadda ake karewa, yadda ake ja da baya.
Amma shafin farko, inda ake zare shi,
gara ta riga ni karatu.
Ta rage mini rabin ƙafa, da gwiwar hannu ɗaya,
da wata kalma da aka cinye wa kai.

Wata biyu ina tsaye gaban madubin kabad.
Na ɗaura shi a kugun hagu, na ja da dama,
ya cije a rabi.
Na karkata kwankwaso, ya fito a fusace,
ya tsinka igiyar shanya.
Na tura kuben baya, na ɗaga kafaɗa,
tsininsa ya sumbaci ƙwan lantarki.
Talatu ta kwashe tangaran ta kai ajiya maƙwabta.
Ta ce, "Malam, mai abin nan ya daɗe da zama ƙasa,
wa zai duba maka jarrabawa?"

Ranar wata Laraba na naɗe shi a buhu
na kai wa Davou mai walda a Dilimi.
Bai ko kalli kaifin ba.
Ya ture tabarau sama, ya shafa bakin kuben da babban yatsa,
ya sake shafawa, a hankali, kamar mai lalube cikin duhu.
"Ga inda tagulla ta cinye," in ji shi.
"Shekara nawa ƙarfe na goga nan, ba can ba.
Kai kana bi ta inda ba hanya.
Mai wannan bahago ne."

Ban san ko Jan Gemu ba ne,
ko kakansa, ko wanda kakansa ya ƙwace a hannunsa.
Na dawo gida ana yayyafi.
Na mayar da ɗamara kugun dama,
na kira hannun hagu,
hannun da Inna ta sha bugewa a bakin akushi
har ya koyi ɓuya a bayana.

Yatsu huɗu suka shiga kwando.
Dama ta riƙe wuyan kube, ta ɗan kwantar da shi.
Ƙafa ɗaya ta ja baya da kanta,
daidai rabin ƙafar da gara ta bari.
Ya sulale kamar tarwaɗa.
Ko ƙara bai yi ba.

Ba na rantsuwa cewa haka suke yi a duwatsunsu.
Abin da na sani, gwiwar hannuna ta tsaya
inda ta mutumin littafin take,
kuma wani da ban san sunansa ba
ya taɓa tsayawa cikin wannan tsayuwa.

Ƙanƙara ta fara sauka kan kwano.
Ina tsakar ɗaki, takobi a sama, hannu na rawa,
Talatu na leƙe ta labule.
Sai na juya shafukan da haɓa,
ina neman yadda ake mayar da shi.
Wannan gara ba ta ci ba.
Ba a rubuta ba ne.