Aikina In Ɓace

Aikina shi ne in ɓace.
Kafin rana ta taɓa kan duwatsun Birni
nakan kutsa ƙarƙashin kwanon rufi da fasassun tubala,
in ja buhun siminti in rufe ƙafa,
in kwanta kamar wanda gini ya faɗo wa.
Kofur Mutari ya ɗora ƙyaure da tsohuwar taya,
ya ce: Bara, ko tari kada ka yi.
Ya tafi.

A ciki, duhu na da ɗanɗano,
ƙasa-ƙasa, da zarnin awaki.
Cinnaka na awona daga idon sawu zuwa gwiwa.
Ta cikin ƙasa nake jin garin:
'yan garuwa na tura kura, jarkoki na karo,
kabu-kabu na tari a hanyar Kasuwar Dole,
can nesa wata na daka,
sai ka ce zuciyar unguwa ke bugawa.

Sai in ji: Nemo!

Sunanta Ko-oho. Karya ce ja mai farin wuya,
a bayan mahauta aka tsinto ta,
haƙarƙari a fili kamar matsefi.
Watan farko tsiren aljihuna take nema, ba ni ba.
Wata na biyu ta bi ƙadangare
ta bar ni a rami har barci ya ɗauke ni.
Mutari bai taɓa ɗaga mata sanda ba.
Ya ce hanci ba ya ɗaukar karatu da bulala.
Ladanta tsohuwar safa ce da ƙwallo a ciki,
a kanta za ta iya haƙe duniya.

Gwaggo Cima ta ware mini buta a bakin zaure.
Ta ce: sau bakwai, ɗaya da ƙasa.
Ina wankewa, ban taɓa musu ba.
Samarin fada, in sun hango ni,
sai su ce ga angon karya ya taso aiki.
In yi dariya, in karɓi shayi na biyu.

Ba su san abin da nake ƙirgawa a ramin ba.

Daminar bara waccan, daren Laraba, a Garin Malam,
ruwa ya jiƙa katangarmu har ta durƙusa.
Muka tona gabas da hannu, da galma, da murfin tukunya,
muna kiran Tasi'u, Tasi'u,
har muryoyi suka dushe.
Ashe yana yamma,
ƙarƙashin azara, takalmi ɗaya a ƙafa.
Likita ya ce ya kai asuba yana numfashi.
Taku shida tsakaninmu.
Na auna. Na koma na sake aunawa.
Shida ne.

Ga shi yanzu: farata kan kwano.
Ta wuce ni. Na danne numfashi.
Iska ta juya, ta juya da ita,
ta dawo tana karanta ƙasa baƙi-baƙi,
ta tsaya.
Huci mai zafi ta kafar tubali,
hanci jiƙaƙƙe a kan yatsana,
sannan haushi,
haushin da ba ya yankewa sai an zo,
haushin da ban ji ba a daren Laraba.

Haske ya faɗo mini a ido.
Mutari ya dubi agogo: minti huɗu.
Gobe mu ƙara zurfin ramin.
Na jefa mata safa, ta cafe,
tana kaɗa jela kamar ita aka ceto.

Da yamma hadari ya haɗo daga gabas.
Na duba katangun unguwa ɗaya bayan ɗaya,
wadda ta tsage, wadda gindinta ya zaizaye.
A bakin zaure, kusa da butata,
na tarar da ƙanzon tuwo a cikin kasko.
Gwaggo Cima na tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.
Ba ta ce na wane ne ba.
Ni ma ban tambaya ba.