Turke Goma Sha Biyu

Ni ne mai riƙe bakin igiyar awo.
Injiniya Awadalla yana da taswira da inuwar mota,
ni ina da turke goma sha biyu a buhu,
guduma a ƙugu,
da jan fentin da ya riga ya cinye mini farce.

Ƙungiya biyu ce a Kasala tamu,
masu koriyar riga da masu ruwan ɗorawa.
Ko a gidan makoki ba sa zama tabarma ɗaya,
sai ga shi an ce gida guda za a gina musu,
kujera dubu ashirin,
da fitilun da za su mai da isha azahar.

Muka fara da bakin Gash.
Yashi lumui, sai ka ce an yi masa guga.
Injiniya ya ce, Ya salam!
Wani tsoho, Onur, ya durƙusar da raƙuminsa,
ya ja ni gindin wata bagaruwa,
ya nuna tabon laka sama da kaina da kamu biyu.
Ya ce, Kogin nan barci yake, bai mutu ba.
Ranar da aka yi ruwa a duwatsun gabas
shi zai fara shiga raga,
kuma ba alƙalin da zai busa masa usur.
Na tuge turakuna.

A gindin Totil guduma ce ta dawo mini a goshi.
Birai na zaune hawa-hawa a kan fa,
'yan kallo sun riga ginin zuwa.
Ɗaya ya sace mana burodi.

A kasuwar dabbobi ko igiyar ba mu warware ba,
dillalai sun yi mana rakiya da baki har titi.

Ranar Laraba yatsan Injiniya ya sauka kan wani koren tabo.
Ruwa kusa, hanya kusa, ƙasa ba tudu ba kwari.
Na leƙa taswirar, cikina ya ba da ƙara.
Lambun Inna Tasalla ne.
Nan kakanmu ya sauke gafaka
a hanyarsa ta zuwa Makka da ƙafa,
ya ce bari ya huta damina ɗaya.
Rijiyar da ya haƙa a wannan hutun
ita muke sha har yau.

Inna ta dafa mana gahawa mai citta,
ta zuba wa Injiniya sau uku, ta saurare shi tsaf.
Sannan ta ce, To me za a shuka?
Ya ce, Ciyawa, Hajiya.
Ta ce, A tuge albasa a shuka ciyawa,
a yi mata ban ruwa safe da yamma,
kuma ko akuya ba za a bari ta ci ba?
Ba da shi take ba. Ni take kallo.

Ni kuwa, Allah ya sani, ɗan koriyar riga ne.
Tun ina shekara tara nake mafarkin
zama a kujera mai lamba,
in ga ƙwallo na gudu ba ta tsalle kan tsakuwa.
Na ɗaga guduma.
Ƙasar ta karɓi turken kamar tuwo,
abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Guda ɗaya na kafa aka kira magariba.

A hanyar gida, bayan matoyar bulo,
yara na buga tsumma ɗaure da leda,
silifa biyu can, silifa biyu nan,
kore da ruwan ɗorawa a gefe ɗaya don rigunan ba su isa ba.
Na auna wurin da taku, ban gaya wa kowa ba:
ɗari da arba'in, har da rara.
Washegari na faɗa wa Injiniya.
Ya ce hayaƙi, ya ce nisa,
amma na ga ya ɗiga fensir a gefen takarda.

Takardun suna ofis, wata na biyar ke nan.
Turke goma sha ɗaya na ƙarƙashin gadona.
Na sha biyun yana nan cikin albasa,
jan kansa ya fara koɗewa.
Inna ta ɗaure akuyarta a jiki.