Daren Buɗe Gwangwanaye

Asabar ɗin ƙarshen wata muke tattaro su,
gwangwanayen madara talatin da biyu
da muka huda wa baki, muka liƙa wa takarda: Don Yara.
Na teburin Tanimu mai shayi a Kawo yana danƙo da sukari,
na Panteka baƙi ƙirin da man inji,
na shagon kitso a Barnawa ƙamshi yake har ɗaki.
Ko na rufe ido, na san inda kowanne ya kwana.

Ni ce ma'aji.
Ba don na fi kowa lissafi ba,
shekara ashirin da shida na yi da alli a hannu,
ba a taɓa jin kaina da kowa a kan kwabo ba.

Saratu ta shimfiɗa zani, mu zazzage.
Hamsin-hamsin masu laushi kamar dafaffen zogale,
ɗari biyu da ta sha hannu har lambarta ta gaji,
wata ɗari ta rabu biyu, Barmani ta ɗaure mata karaya da salatif.
Wani ya jefa maɓallin riga.
Mun adana shi. Wa ya san abin da ya rage masa a aljihu?

Akwai attajirin da ke aiko buhuna duk azumi
tare da mai ɗaukar hoto.
Muna godiya, muna tsayawa a ɗauka.
Amma abin da ke riƙe mu daga wata zuwa wata
shi ne canjin da aka bari bayan kofin shayi,
da faifan da Saratu ke zagawa da shi in an tashi coci,
da cincin da matan Kakuri ke soyawa mu kai kasuwa.

Dubu ɗari da sha ɗaya da ɗari uku.
Littafi kuwa ya wage baki:
Nafi'u mai sikila a Tudun Wada, jini leda biyu,
jikokin Baba Ishaku da aka koro kan kuɗin makaranta,
shi kuma yana jiran haƙƙinsa tun da masaƙa ta yi shiru,
ɗakin da kogi ya shiga da damina ya fita da katifa,
keken ɗinki ga uwar marayu a Rigasa,
don kwano kan ƙare kafin dare, keke kuwa yana wayar gari.

A nan muke faɗa.
Barmani ta ce jini, Saratu ta ce makaranta,
ni kuma ina jan layi a ƙarƙashin sunan da zai jira wani watan.
Ranar da aka miƙa mini littafin nan
ba wanda ya ce mini wannan ne aikin.

Gwangwanin Kawo ne ya zo da takarda,
an naɗe ta cikin naira ashirin, rubutun fensir:
"Gidan bayan famfo, mai ƙofar langalanga.
Kwana uku ba hayaƙi. Yara huɗu.
Kada a ce wani ya faɗa."

Ba su cikin littafi.
Saratu ta kwance bakin zaninta, Barmani ta fasa hawa Keke,
ni na tuna da masarar da nake ɓoyo don baƙi.

Da muka yi sallama, matar gidan ta ce sun ci, sun ƙoshi.
Tukunya tana kife, kaza na barci a murhu.
Muka ce saƙo ne aka ba mu, mun manta mai shi.
Ta dubi ƙasa ta daɗe.
Ƙaramar cikinsu ba ta jira kowa ba,
ta tafi neman ashana a maƙwabta.

Litinin na mayar wa Tanimu gwangwaninsa.
Akwai guntun fensir a bayan kunnensa.
Bai ɗago ba, yana ta fifita wuta,
ya ce, "Malama, madara ɗaya ko biyu?"