Tofin Libarba

Ranar da na saye ta a Casper ƙanƙara na zuba.
Mai kanti ya naɗe ta cikin takarda mai maiƙo,
ya miƙo min da hannu biyu kamar jaririya.
Ni don dila na saya, masu ɗauke min 'yan raguna,
ba don ado ba.

Bayan garke na jera gwangwani shida a kan shinge.
Harbin farko ya tafi lafiya.
A na biyu wani abu ya cije ni a kunci,
zafi kamar harbin rina.
Na shafa: ɗigon jini, da ɓarɓashin dalma
bai kai ƙwayar gishiri ba.
Na uku ya karce min tabarau.
Ba don gilashin nan ba,
da ido ɗaya zan riƙa kallon duwatsun Bighorn.

Tun ina yarinya na san bindiga gaba take tofi.
Wannan kuwa uwar ɗakinta take tofa wa.

Na wanke, na goge, na sauya harsashi,
na zargi hannuna da ya fara rawa.
Ɗana Wendell ya ce a waya, "Sabuwa ce, Mama, za ta saba."
Na ce, "Da fuskata za ta saba?"

Mil arba'in zuwa shagon Orval Tveit,
tsoho mai rowar magana, mai ƙanshin man inji da gahawa.
Bai tambayi kuncina ba, ya dai kalle shi.
Ya kafa farin kwali dama da hagu,
ya harba cikin tulin yashi sau shida.
Kwalin dama fes.
Na hagu kamar an barbaɗa masa barkono.

Sai ya zazzage ta, ya leƙa, ya sake leƙawa,
ya ɗana a hankali, kunne dab da ƙarfe,
yana sauraron gangar tana juyawa:
ƙas, ƙas, ƙas, ƙas,
na biyar ya makara.
Ya zura siririn sanda ta bututu,
sanda ya tafi sumul, ya tsaya cak a bakin ɗaki.

"Ɗaki da ƙofa ba su haɗa ido ba," in ji shi.
"Harsashi ya fito a guje,
ya tarar ƙofa ta goce da kaurin gashi guda,
sai ya bar fatarsa a dokin ƙofa.
Fatar ce ta same ki."

Na ce ya gyara.
Ya ce, "Wanda ya yi ɓarna shi ke ɗinki. Mayar wa masana'anta.
Kafin nan, kada ki ƙara taɓa kunamarta."

Mako bakwai tana can.
Na kwana a garke da tocila da tsohuwar karyata,
duk da haka dila suka ci biyu.

Da ta dawo ban yi mata maraba ba.
Kwali na fara kafawa, na gyara zaman tabarau.
Shida suka fita, kwali fari tas.

Tabon yana nan, ƙasan idon hagu.
Tsohon kwalin kuma na buga shi da ƙusa a kicin,
kusa da kalanda.
Baƙi kan ɗauka taswirar taurari ce.
Ba na gyara musu.