Zanen Baba Ilu

A bayan takardar buhun siminti ya zana shi,
da guntun fensirin kafinta, a rumfarsa ta Ƙofar Ruwa:
injin ɓare gyaɗa,
ganga a kwance, haƙora goma sha biyu, mariƙi a dama,
ga shacin kofin shayi inda ya manta ya ɗora.

Shekara ashirin da ɗoriya tana ƙasan adaka,
sai ga wasiƙa daga wani kamfani a Sharaɗa:
mu muka ƙirƙira, mun yi rajista, ku daina ƙerawa.

Na kai ta Bompai cikin leda, a ƙirji, kamar laya.
Lauya Uwani ta shimfiɗa ta,
ta danne gefe da waya, gefe da makullin mota.
Ta ce, "Abin da zane ya nuna ƙarara, ya nuna.
Haƙoran nan alƙali zai ƙirga su da kansa.
Amma su rata suka yi wa rajista,
tsakanin haƙori da raga, milimita tara.
Ina taran a nan?"

Na zaro rula. Ta tare hannuna.
"Bai rubuta cewa da awo ya zana ba.
Hannu kan ƙara, hannu kan rage,
takarda ma da damina tana motsawa.
Layi shaida ne kan siffa, ba ya rantsuwa kan tsawo.
Kuma ina kwanan wata? Wa ya gan shi ban da gara?"

Na yi shiru.
Na san taran nan.
Ƙaramin yatsansa ne, mai tabon walda,
shi yake zurawa, in ya shige da ƙyar ya ce, ɗaure.
Awon yana Dandolo, mun rufe shi bayan la'asar.

Fanka na juyi, janareton maƙwabta na tari.
Ta ce, "Ya taɓa sayar da ko ɗaya?"

Mati na Dawanau!
Shekarar da rumfar ta ƙone ya saya, bashi ma,
har yau yana ɓari, yana zagin belinsa.

Ta naɗe takardar a hankali, ta miƙo mini.
"Wannan ka adana, ta gida ce.
Gobe ka kai ni wurin Mati.
Ka roƙe shi ya duba ko rasit ya tsira,
kar kuma ya kuskura ya canza raga."